Abokin Golmon Saje Haggai

Shafi na 19

To jama'a, ga ni. Masu damuna da saƙo tun asuba wai na cika nawa, ku yi haƙuri, wuta ce ba mu da ita a unguwarmu Rikoto, sai da na kai wayar shagon caji. Ke kuma Nana Khadija da kika rubuta jiya cewa Saje Haggai maci amana ne, a kore shi kowa ya huta, gyara zama ki karanta wannan. In kin gama ina jiran ki.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Jam'iyya ta dare gida biyu kan zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, wasu na bayan Dattijo, wasu na bayan Injiniya. Ofishin Zuru na Dattijo ne. Daliget ɗinsu, wato wanda zai je Abuja ya jefa ƙuri'a da sunan Zuru, shi ne Saje Haggai, tsohon soja kuma manomi a Manga. Shekaranjiya wani bidiyo ya fito ya hautsina garin.

*

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da Saje ya jingine mashin ɗinsa a gindin dalbejiyar ofishin jam'iyya.

Samarin da ke zaman benci a wurin, waɗanda kullum da sun hango shi suke miƙewa suna "Saje namiji! Saje namiji!", yau ko gezau. Kowa ya kafa ido a wayarsa. Daga wayar ɗayansu ya jiyo kiɗan gayya, nan take ya san abin da suke kallo.

Ya yi musu sannu. Mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma ciki-ciki.

Mutum uku ya tarar a ofis. Alhaji Ɗahiru, ciyaman ɗin jam'iyya, yana bayan tebur ya tuɓe hula ya ajiye. Hajiya Maimuna shugabar mata tana gefe tana fifita da bakin mayafinta. Sai Kamalu, mai shafin Kunnen Zuru a fesbuk, shafin da ke yi wa Dattijo yaƙi, ya harɗe ƙafa kan kujerar roba yana ta danne-danne.

"Ciyaman, ina kwana."

"Lahiya lau. Zamna, Saje."

Ko hannu bai miƙo masa ba. Mutumin da suka yi shekara da shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya in ana yawon kamfen. Wallahi abin ya sosa wa Saje rai, amma ya haɗiye ya zauna.

"Kamalu, nuna mai."

"Na riga na gani," in ji Saje.

"Ka sake gani."

Kamalu ya miƙo wayar har gaban hancinsa.

Gona ce, an yi ruwa ƙasa ta yi laushi. Maza a jere sun duƙa suna huɗa, makaɗi na biye da su, mata na guɗa. Ga Saje can a sahun gaba, ba riga, garma a hannu, yana tashin kunya kamar ba shi ya haifi 'yan mata har da masu aure ba. A bayansa kuwa samari biyu sun baje wani ƙaton ƙyalle mai hoton Injiniya yana murmushi, an rubuta da manyan baƙi: MANOMAN ZURU SUN BI INJINIYA.

"Gonar wa ce wagga?" in ji Alhaji Ɗahiru.

"Ta Dominic."

"Dominic na wa ne?"

"Na Injiniya ne. Kowa ya sani."

"To mi ya kai ka?"

"Gayya ya kira."

Alhaji Ɗahiru ya buga tebur har hularsa ta yi tsalle.

"Gayya! Ana saura kwana kaɗan a tahi Abuja! Ba a gabanka munka yanke cewa kar wanda ya taka taron mutanen Injiniya ba?"

"Ba taro ba ne, Ciyaman. Noma ne."

"Ka ji ko, Hajiya? Noma ne."

Hajiya Maimuna ta daina fifita.

"Saje, tsakaninka da Allah, ba ka ga ƙyallen nan ba? Abu kamar bangon ɗaki?"

"Ban gani ba, Hajiya."

Kamalu ya tuntsire da dariya. Ni kaina da nake rubutawa sai da na ji kamar in miƙa hannu cikin labarin in kwaɗa masa mari.

"Baba Saje, haba dai. Wa zai yarda da wannan?"

Saje bai ko kalle shi ba. Hajiya ya fuskanta.

"Hajiya, ke a cikin gari aka haife ki, bari in gaya miki. A gayyarmu ta Manga, in ka ɗauki kunya ba ka ɗaga kai sai ka kai ƙarshenta. In ka miƙe a tsakiya, ko don ka share gumi, matan nan da kika ji suna guɗa za su sa sunanka a waƙar ragwaye. Za a yi ta rera ta har kaka. Ni tun ina saurayi ba a taɓa sa ni a waƙar nan ba. Yaran sun san haka. Sun jira mun duƙa suka baje abinsu, kafin mu kai ƙarshe sun naɗe."

"Yanzu saboda waƙar mata..."

"Saboda ita."

Hajiya ta girgiza kai. Ta yarda da shi, ana gani a fuskarta, sai dai yardarta ba ta da amfani.

"Na ji," in ji Alhaji Ɗahiru, muryarsa ta ɗan sauka. "Ba ka gani ba. Amma tun farko mi ya sa ka tahi? Ba ka iya cewa kana da uzuri?"

"Dominic abokin golmona ne."

"Kullum golmo, kullum golmo."

"Ciyaman, kai da za ka yi aure sadaki ka biya aka ɗaura. Ni noma na yi wa surukaina, damina bayan damina, kafin su ba ni Beatrice. Shi ne golmo. Kuma ba a yin sa mutum ɗaya. Dominic ne a gefena tun daga ranar farko. Ranar da kububuwa ta sare ni a gonar baban Beatrice, shi ya goya ni a baya ya sauko da ni daga kan dutse. Ni ma na yi masa nasa har ya sami matarsa. Mun yi rantsuwa a kan garma, duk wanda ya kira ɗan'uwansa gona, ba tambaya, tafiya kawai. Yau don ya sa hular wani ɗan takara sai in ce ban san shi ba?"

Kamalu na can yana ta danne-dannensa.

Alhaji Ɗahiru ya shafa fuska da tafukansa biyu. Idanunsa jawur, da gani bai rintsa ba.

"Saje, ni na san ka. In anka ce ka sai da mu, ni ne na farkon da zai ce ƙarya ne. Amma ni wa ke ji na yanzu? Shafin Muryar Tudu na mutanen Injiniya ya saki abin nan, kahin a yi sallar la'asar ya kai Birnin Kebbi. Jiya a rediyo mutane sunka yi ta bugo waya suna zagin mu. Manyan jam'iyya na Birnin Kebbi sun kira ni ya hi a ƙirga. Cewa sukai in cire ka yau, in sa Zainulabidin."

"Zainulabidin? Yaron da ko hanyar Dirin Daji bai sani ba?"

"Shi."

Nan fa jikin Saje ya yi sanyi.

Ku da kuke biye da labarin kun san dalili. Ba kwaɗayin otal ɗin Abuja ne ya sa Saje ya riƙe kujerar nan ba. Gidansa a Manga cike yake da mutanen da suka gudo daga ƙauyukan wajen Dirin Daji bayan 'yan bindiga sun tashe su. Wasu a zaure, wasu a cocin unguwa. Cikinsu har da Leah, wadda aka kashe mata miji a gona, ta zo da yara da tukunya ɗaya. An gaya wa Saje cewa kafin a jefa ƙuri'a Dattijo zai gana da daliget jiha-jiha, kowa ya gaisa da shi hannu da hannu. Wannan gaisuwar Saje yake jira. Ya tsaya a gaban coci ya yi wa mutanen nan alkawari cewa in ya riƙe hannun Dattijo ba zai saki ba sai ya gaya masa halin da suke ciki.

"Ciyaman," ya ce a hankali, "ka san abin da zai kai ni."

"Na sani."

"Leah har addu'a take yi wa motar da za ta ɗauke ni."

"Na ce na sani, Saje! Don haka na roƙe su. Har durƙuso na yi a waya kamar suna ganina. Sun ba da hanya guda."

"Wace?"

Alhaji Ɗahiru ya yi wa Kamalu nuni da haɓa.

Kamalu ya sauke ƙafa, ya gyara zama, fuskarsa har wani haske take.

"Abu mai sauƙi ne, Baba Saje. Yanzu zan kunna waya kai tsaye a Kunnen Zuru. Ka gaya wa duniya cewa Dominic ne ya yaudare ka, ya haɗa maka tarko. Ka barranta da shi. Shi ke nan, ka wanke kanka, ka wanke jam'iyya."

"Ban san ko Dominic ya sani ba."

"Gonarsa ce."

"Shi ma a duƙe yake. Kunyarsa na kusa da tawa."

"Ka tambaye shi?" in ji Hajiya.

"Tun shekaranjiya nake kira, wayarsa a kashe. Na je gidan, aka ce ya fita tun asuba."

Kamalu ya tafa hannu.

"Ka gani? Mara gaskiya ko a ruwa gumi yake. Ɓuya yake yi, Baba Saje. Ya gama amfani da kai."

Wannan maganar ta shiga Saje. Kwana biyu yana kore tunanin nan daga ransa, yana dawowa. Me ya sa Dominic ya kashe waya? Me ya sa bai zo ko da sau ɗaya ya ce masa yi haƙuri ba? Ya ji zuciyarsa na tafasa, ga baƙin ciki ga kunya.

"Ku ba ni zuwa gobe in nemo shi."

"Ba gobe," in ji Alhaji Ɗahiru. "Azahar sunka ba ni. In ba su ga bidiyonka ba, sunan Zainulabidin za ya tahi."

"Alhaji, wannan ba daidai ba ne," in ji Hajiya Maimuna. "Mutanen nan tare suka tashi. In muka raba su, da wane ido za mu shiga Manga neman ƙuri'a gobe? Rabin garin dangin Dominic ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kai ka fi kowa faɗin haka."

"Hajiya, kina da wata dabara? Hwaɗi, ina saurare."

Ta koma fifita da bakin mayafinta.

Saje ya sunkuyar da kai. Gaba kura, baya sayaki. In ya ƙi, da wane baki zai koma gida ya gaya wa Leah cewa ya zaɓi abokinsa ya bar su? In ya yarda, ya zubar da abin da ya fi komai daɗewa a rayuwarsa.

"Kunna," ya ce.

"Saje!" in ji Hajiya.

"Kunna kawai, yaro."

Kamalu ya yi wuf ya miƙe. Ya janyo Saje ya zaunar da shi a ƙarƙashin hoton Dattijo, ya ɗauko hular jam'iyya ya kifa masa a ka, ya ja baya ya ɗaga waya.

"Jama'ar Zuru da kewaye, ga shi na kawo muku shi da bakinsa! Ku tura wa 'yan'uwa, ku shigo! Baba Saje, bismillah."

Saje ya dubi ɗan ƙaramin idon wayar.

"Sunana Haggai. Ni... ni na Dattijo ne. Gayya aka kira ni na je. Ban san za a kawo wani ƙyalle ba. An yi kuskure. Ina roƙon afuwa."

Kamalu ya rufe bakin wayar da yatsa, ya yi raɗa da ƙarfi.

"Wannan ba zai tafi ba! Mutane ba sa tura magana mai sanyi. Kama suna! Ga su nan suna rubutawa, ka ji. Wai 'tsoho ya ci kuɗi yana kame-kame.' Wai 'a tambaye shi nawa aka ba shi.' Ga wani ma cewa ya yi 'ɗan golmo ba ya barin ɗan golmo, duk bakinsu ɗaya.' Kama suna, Baba!"

Ya cire yatsan.

Jijiyar wuyan Saje ta tashi. Nawa aka ba shi? Shi? Shi da ya sayar da akuyarsa ya ciyar da baƙi?

"Dominic ne," ya ce.

Kamalu ya yi masa alama da hannu, ƙara, ƙara.

"Dominic ne ya kira ni. Ya san abin da ya shirya. Ya yi amfani da rantsuwar da ke tsakaninmu ya kai ni ya baro. Maci amana ne."

Hajiya Maimuna ta rufe fuska da mayafi.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. To amma kun san zuciya in ta ɓalle. Kamalu na ta kaɗa hannu, sunayen masu kallo na ta hawa, Saje kuma ya ji kamar duk Zuru ta taru a kansa tana jira.

"Ku shaida, mutanen Manga, ku shaida! Daga yau ba ni ba shi. Na warware rantsuwar. Kada ya sake taka gonata, kada ɗansa ya gai da ɗana. Ranar da na mutu ko gawata kada a bar shi ya gani!"

"Ma sha Allah!" in ji Kamalu. "Kun ji dai da kunnenku. Sai Dattijo!"

Ya kashe, yana washe baki.

"Wannan kam zai tafi. Wallahi kafin azahar ya kai Abuja."

Saje ya cire hular ya ajiye a ƙasa. Bai iya kallon kowa ba. Magana zarar bunu ce, ya sani, kuma shi ya zare ta da hannunsa.

Alhaji Ɗahiru ya taso ya dafa kafaɗarsa.

"Ka yi haƙuri, Saje. In anka ci zaɓe za a gyara komi."

Bai rufe baki ba wayarsa ta ɗauki ƙara. Da ya ga sunan sai ya rarumo hula ya sa, ya tsaya ƙyam.

"Ranka shi daɗe... E, ya yi, yanzu-yanzu ya gama, za ku gani a... Na'am?"

Ya kasa kunne.

"Yaushe, ranka shi daɗe?"

Fuskarsa ta soma sauyawa.

"To daliget fa?... To. To. An gama. Allah shi ƙara girma."

Ya sauke wayar a hankali, ya koma kujera ya zauna daɓas.

"Alhaji, lafiya?" in ji Hajiya.

"Sun shirya."

"Su wa?"

"Dattijo da Injiniya. Manyan jam'iyya sun zamna da su tun jiya, sun yi maslaha. Injiniya ya janye. Yanzu haka suna gaban 'yan jarida a Abuja suna rungume da juna."

"Innalillahi," in ji Hajiya. "Tun jiya?"

"Tun jiya. Su ma na Birnin Kebbi yanzu sunka ji."

Saje ya ɗago.

"To zaɓen fa?"

"Ba ƙuri'a. Za a tara daliget a fili, a kira sunan Dattijo, a ce an yarda, a watse."

"Ganawar fa? Gaisuwar da aka ce za a yi jiha-jiha?"

Alhaji Ɗahiru ya kawar da kai.

"Mutum na neman ƙuri'arka ne yake gaisawa da kai, Saje. Yanzu mi zai nema?"

"To maganar mutanen Dirin Daji fa?"

Alhaji Ɗahiru ya tuɓe hula ya ajiye a kan tebur.

"Ciyaman, da kai nake. Me zan je in gaya wa Leah?"

Alhaji Ɗahiru ya yi ta jujjuya waya a hannu. Ni dai a nan na ajiye rubutun na tashi na sha ruwa.

"Sun ce kuma," ya ci gaba da ƙyar, "daga yanzu kar a sake zagin kowa. Jam'iyya ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk shafuka su sa hoton rungumar."

"Ai har na sa," in ji Kamalu.

Ya juyo da wayar. Ga Dattijo da Injiniya sun rungume juna suna dariya, a ƙasa an rubuta: HAƊIN KAI SHI NE ƘARFI. Sai ya zaro wata wayar daga aljihun wando ya hau dannawa.

"Bari in sa a Muryar Tudu ma, kada a riga ni."

Hajiya Maimuna ta miƙe tsaye.

"A ina?"

Kamalu ya ɗan yi turus, sai kuma ya ɗaga kafaɗa.

"Muryar Tudu."

"Shafin mutanen Injiniya? Shafin da ya saki bidiyon gonar?"

"Hajiya, tunda an shirya ai ba sauran ɓoye-ɓoye. Duka biyun ni ke riƙe da su. Sana'a ce. Wannan ɓangaren su ba ni aiki, wancan su ba ni aiki."

"Kai ka ɗauki bidiyon?"

"Yarana dai na tura da ƙyallen. Ni ban ma je ba."

"La'ananne! Ɗan baƙin ciki! Allah ya isa tsakaninmu da kai!"

"Hajiya, ni me na yi? Na ce ya je gonar? Na sa masa magana a baki? Ai kowa ya ji shi ya faɗa."

Ta juya kan ciyaman.

"Alhaji, ka san da wannan?"

"Ban san shi ya aika yaran ba. Wallahi ban sani ba."

"Amma ka san shafin nasa ne."

Alhaji Ɗahiru ya ce, "Na ji ƙishin-ƙishin. To in yi yaya, Hajiya? In kore shi, gobe in wayi gari da hotona a shafi biyu? Wa ke iya taɓa mai waya a zamanin ga?"

Saje ko tashi bai yi ya shaƙe yaron ba, ni kuwa na so ya yi. Yana zaune hannuwansa a kan gwiwa, ya zura wa ƙasa ido. Tambaya ɗaya ce ta fito daga bakinsa.

"Dominic ya san za ku kawo ƙyallen?"

"Ina fa," in ji Kamalu. "Wannan tsohon da taurin kai? Da ya sani ai da ya kore su da garma."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Saje, ba kuka ba, ba tari ba.

"Goge shi. Goge abin da na faɗa."

"Ko na goge, Baba, mutane sun riga sun sauke. Yana yawo a wasaf."

Sai suka ji samarin waje sun yi tsit gaba ɗaya. Inuwa ta tare hasken ƙofa.

Wani dogon dattijo ne, siriri, da furfura a gemu, takalman robarsa duk laka. Ya riƙe ƙyauren da hannu ɗaya yana numfashi sama-sama.

Saje ya miƙe.

"Dominic."

Dominic bai kalle shi ba. Alhaji Ɗahiru ya fuskanta.

"Ciyaman, gafara dai. Ban saba shigowa ofishinku ba."

"Shigo, Malam Dominic, shigo. Ai yanzu duk ɗaya muke."

"Nan ma ya isa. Tun shekaranjiya nake yawo ina neman yaran da suka shigo mini gona da ƙyalle. Wayata na kashe saboda masu kira suna taya ni murna wai na kamo babban kifi. Na kasa zuwa gidan mutumin nan hannu rabbana, na ce sai na zo masa da gaskiyar magana. Yau da safe na je ofishin Injiniya na mayar musu da katinsu da hularsu. Na ce musu tafiyar da za a ci mutuncin abokin golmona a cikin gonata, na bar ta har abada. Daga can na taho nan, in rantse a gabanku cewa Haggai bai san komai ba."

Ya nuna dalbejiyar da ke waje.

"Ina isowa gindin bishiyar nan na tarar da yara sun taru a kan waya. Suka ce Baba zo ka ji."

"Dominic, ka tsaya in..."

"Na ji duka. Har da na gawar."

"Sun ce mini kai ne. Na kira ka, na je gida..."

"Ka gama?"

Hawaye na bin gemun Saje.

Sai a lokacin Dominic ya juyo ya dube shi. Idanunsa a bushe ƙamas. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya waiwaya wurin Kamalu.

"Kai ne mai wayar?"

"Ni ne, Baba."

"Kunna."

"Malam Dominic, don girman Allah," in ji Alhaji Ɗahiru, "an ce a daina. An shirya a sama."

"Su suka shirya. Kunna, yaro. Tunda ya warware rantsuwar a gaban duniya, ni ma ta sauka daga wuyana. Akwai abin da na rufe masa tun muna golmo. Yau Zuru za ta ji."

Kamalu har ya ɗaga waya, cike da murna.

Fuskar Saje ta koma kamar toka. Ya tako da sauri ya zube a gaban Dominic, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban ciyaman, a gaban samarin da suka cika taga.

"Kada ka yi. Ka kashe ni ma na yarda, amma kada ka faɗa. Dominic, Beatrice tana kallon shafin nan."

Dominic ya gyara tsayuwa, ya dubi idon wayar.

"Ai ita nake so ta ji."